Daga Tokar Salaga Zuwa Zangon Lome: Labarin Alhaji Umaru Karachi

Wannan shi ne rubutaccen bayanin shirinmu na tarihi da muka gabatar daga nan Totsi, cikin birnin Lome, saboda wanda bai samu ji ba, da kuma wanda ya ji yana so ya sake bi a tsanake.

Ba sai an gaya muku irin shekarun da muke ciki ba. A watan Agustan 2019 Najeriya ta rufe iyakokinta na tudu, ba ta buɗe ba sai Disamban 2020. A ƙarshen 2019 ɗin ne kuma Benin ta hana garkunan ƙetare shiga ƙasarta kiwo. Bayan juyin mulkin Nijar na Yulin 2023 aka datse gadar da ke tsakanin Gaya da Malanville, manyan motoci suka yi dogon layi, kayan da ba sa jira suka ruɓe a cikinsu. Wani jarinsa ya tafi ke nan. Wani ya sayar da shanu a farashin da ko a mafarki bai taɓa zato ba. To, tambayar da ke cin ran mutane da yawa ita ce: in hanyar da ka gada daga ubanka ta mutu, me ya rage maka?

An taɓa yi wa kakanninmu wannan tambaya, a wannan yanki da muke zaune, shekara ɗari da talatin da suka wuce. Za mu bi amsar ta bakin rayuwar mutum ɗaya, Alhaji Umaru ɗan Abubakar, wanda mutanen zango suka fi sani da Alhaji Umaru Karachi, ko Imam Imoru.

Hanyar Gwanja

An haifi Umaru a Kano wajen 1858. Asalin gidansu Kabi ne, shi ya sa in ya sa hannu a takarda yakan kira kansa Bakabe kuma Bakano. Mahaifinsa malami ne kuma falke, mai bin hanyar Gwanja neman goro.

Ku da kuke tafiyar kwana biyu ko uku a mota daga Cinkassé zuwa Yamai, ku auna wannan. Ayari yakan tashi daga Kano ko Sakkwato da kanwa, da baƙaƙen riguna da turkuɗi, da jemammun fatu, da gabu, duk a kan jakuna da takarkarai da kawunan 'yan alaro. Sai a ƙetare Kwara, a ratsa ƙasar Bargu, a bi ta Zugu (wadda yau ake kira Djougou) ko ta Sansanne Mango da Yendi, har a sauka Salaga. Zuwa da dawowa yakan ci watanni da yawa, wani lokaci shekara guda cur. Madugu ke gaba da kowa a shawara, jagaba ya san hanya, uban dawaki ya je gaban sarakuna ya daidaita kuɗin fito. Akwai kuma malamin ayari, mai riƙe da alƙalami, shi ke rubuta wasiƙa da lissafi, shi ke yi wa wanda ya rasu a hanya sutura. Inda ayari ya sauke kaya ya kwana, nan ne zango. Daga nan sunan unguwanninmu ya samo asali, tun daga Kumasi har Lome.

A cikin wannan duniya Umaru ya tashi. Ya haddace Alƙur'ani yana yaro, ya yi karatun littattafai a Kano da ƙasar Sakkwato, yana kuma bin mahaifinsa fatauci. A 1877, bai wuce shekara ashirin ba, ya rubuta littafinsa na farko da Larabci, kan yadda ake tsara wasiƙa: yadda za ka rubuta wa sarki, yadda za ka rubuta wa malami ko aboki. Ku riƙe wannan a ranku, don za mu dawo kansa. Yaron ya ga abin da fatake ke buƙata kullum wanda ba kowa ya iya ba, sai ya mai da hankali ya ƙware a kai.

Ranar da Salaga ta watse

Salaga a zamaninta ita ce babbar kasuwar da arewa da kurmi ke haɗuwa. Goron Ashanti nan yake fitowa, nan Bahaushe da Babarbare da Bawangare da Bamoshe ke cin kasuwa. Gaskiya kuma a faɗe ta, ba goro kaɗai ake sayarwa a can ba. Salaga babbar kasuwar bayi ce, dubban mutane aka ɗaure aka sayar a filinta, kuma wani ɓangare na arzikin garin daga hawayensu ya fito.

Faɗuwar garin ta zo hawa biyu. Na farko a 1874, lokacin da Ingilishi suka ci Kumasi suka ƙone ta. Mutanen Gwanja suka ga dama ta samu, suka fice daga ƙarƙashin Ashanti. Ashanti kuwa suka mai da martani da abin da ya fi takobi ciwo, suka karkatar da goro zuwa wasu kasuwanni irin su Kintampo. Wato dai rufe iyaka, irin wanda kuka sani. Kasuwar Salaga ta fara yin sanyi tun daga ranar.

Na biyu a 1892. Rikicin sarauta ya ɓarke tsakanin gidajen sarautar Kpembe, garin sarakunan da ke riƙe da Salaga. Kabachewura Isifa ya ɗauko taimakon mayaƙa daga arewa ya kori sarki mai ci. Aka washe gidaje, aka ƙone rumfuna, baƙin 'yan kasuwa suka watse, kowa ya kama gabansa: wasu Yeji, wasu Kintampo, wasu Kumasi da Accra, da yawa kuma suka gangara Kete-Karachi a bakin kogin Volta. Kafin ƙarnin ya ƙare sojan Jamus suka zo suka cinna wa abin da ya rage wuta, saboda takarar da suke yi da Ingilishi a kan yankin.

Malam Umaru yana Salaga aka yi wannan yaƙi, da makarantarsa da almajiransa. Bai tashi nan da nan ba, ya zauna 'yan shekaru yana ganin garin na mutuwa a gabansa. Malami kuwa da jama'a yake rayuwa. In babu fatake babu mai kawo wasiƙa a rubuta masa, babu mai kawo ɗansa karatu, babu sadaka. Wajen 1896 shi ma ya ɗaure littattafansa ya bi sahu zuwa Kete-Karachi. Yana dab da shekara arba'in, shekarun da mutum ke so a ce ya kafu, sai ga shi baƙo a garin da wasu suka riga shi kama wuri.

Karachi

Kete-Karachi a lokacin tana cikin Togo ta Jamus. Tun 1884 Jamus ta kafa tutarta a bakin teku, a 1894 ta buɗe bariki a Karachi, a 1897 kuma ta mai da Lome babban birni. Garin yana da abin da Salaga ba ta da shi, wato kogi. Jiragen kwale-kwale na hauro da gishirin Ada daga bakin teku, ga kuma hanyar ƙasa da ta bi ta Kpandu da Kpalimé ta sauka Lome. Fataken da suka rasa Salaga suka gano cewa teku ta fi kusa da yadda suke zato. Zangon Lome ya sha daga wannan hanya, ya cika da mutanen da yaƙi ya koro.

A Karachi aka yi ja-in-ja kan wanda zai zama limamin zango. Malam Umaru ba shi da dangi masu yawa a garin, ba shi da tarin dukiya. Abin da yake da shi karatu ne, kuma da shi limanci ya faɗo hannunsa. Ya riƙe shi har ƙarshen ransa.

Sai kuma wani abu da ba wanda ya tsara. Jami'in Jamus da aka turo Karachi, Adam Mischlich, mutum ne mai son koyon Hausa. Tun a Salaga Malam Umaru ya taɓa zama da wani Bajamushe matafiyi, Gottlob Adolf Krause, wanda Hausawa ke kira Malam Musa, don haka ya san irin tambayoyin Turawa. Mischlich ya zauna gabansa kamar almajiri, ya roƙe shi ya rubuta masa abin da ya sani game da ƙasar Hausa. Malam ya ɗauki alƙalami ya rubuta da ajami: tarihin garuruwa, da jihadin Shehu Usmanu, da noma, da kiwo, da rini, da jima, da saƙa, da aure, da yadda ake cin kasuwa. A 1906 Mischlich ya buga ƙamus na Hausa da Jamusanci. Rubuce-rubucen Malam kuwa suka tsallaka teku, masana suka yi ta aiki a kansu. A 1973 wani ɗalibi a Amurka, Douglas Ferguson, ya yi digirinsa na dakta kacokan a kan bayanin da Imam Imoru ya yi na ƙasar Hausa. A Poland ma Farfesa Piłaszewicz ya buga rubutunsa na ajami. Yau duk mai son sanin yadda talakan Kano ko na Kabi ya rayu kafin zuwan Turawa, da wuya ya kauce wa alƙalamin wannan ɗan gudun hijira.

Kada kuma ku ɗauka zama da Bature ya rufe masa baki. Ya yi waƙoƙi da Larabci da Hausa kan zuwan Nasara, yana lissafa garuruwan da suka ci ɗaya bayan ɗaya, yana faɗin yadda suka shigo da lallami suka ƙare da mulki. Ya rubuta labarin yaƙin Salaga. Ya yi waƙa kan annobar murar da ta ratsa duniya a 1918. Ya yi Waƙar Talauci da Wadata, inda ya zana yadda ake yi wa matalauci a cikin taro, a ƙi sauraronsa ko da gaskiya ce a bakinsa, a tashi tsaye don mai kuɗi ko da shirme yake faɗi. Wanda bai taɓa rasawa ba, da wuya ya iya wannan zane.

A 1913 ya tafi aikin hajji, tafiyar da ta ɗauke shi shekaru, yaƙin duniya na farko ya same shi a can waje. Ya dawo ya tarar Jamus ta tafi, Karachi ta koma hannun Ingilishi. Ya ci gaba da karantarwa, almajiransa suka bazu cikin zangunan Gwalkwas da Togo, suka zama limamai da malamai. Ya rasu a Karachi a 1934. Bayan shekara talatin da 'yan kai, da aka gama madatsar Akosombo a 1965, ruwan tafkin Volta ya haɗiye tsohon garin, aka tashi mutane zuwa sabon wuri. Kun ga, garuruwa biyun da ya yi rayuwarsa a ciki, ɗaya wuta ta ci, ɗaya ruwa ya ci. Sunansa kuwa har gobe ana kiransa a zaurukan karatu.

Shanu ma sun ga tasu

'Yan'uwa makiyaya, kada ku ce wannan labarin fatake ne da malamai. A daidai shekarun da Salaga ke faɗuwa, wajen 1890 zuwa 1891, annobar bushiya ta ratso daga gabas ta shiga garkunan ƙasar Hausa da Barno da Adamawa. Mutum ya kwana da garke ya tashi da 'yan ƙwarori. Hausawa suka sa wa shekarar suna Sannu, saboda gaisuwar jaje da ake ta yi wa Fulani. Akwai waɗanda hankalinsu ya gushe, suka shiga daji ba a sake ganinsu ba.

Amma garke ya dawo. Ta yaya? Ta hanyar abin da annoba ba ta iya kashewa. Wanda ya tsira da 'yan shanu ya ba ɗan'uwansa aron karsana, irin al'adar haɓɓanaaye, ya riƙe ta har ta haihu, 'ya'yan su zama nasa, uwar ta koma gida. Wanda ba shi da ko ɗaya ya yi kiwon shanun wani ana biyansa da maraƙi. Wani ya fara da tumaki da awaki, masu saurin haihuwa, ya sayar ya sayi saniya. Wanda aka sani da iya kiwo da riƙon amana shi aka fara ba. Cutar ta sake dawowa a 1983 ta yi ɓarna mai yawa, sai a 2011 aka bayyana cewa an kawar da ita daga duniya baki ɗaya, ta hanyar allurar rigakafi. Wannan ma abin tunawa ne ranar da ma'aikatan dabbobi suka zo ruga da allura.

Zangon Lome, 1977

Mu dawo gida. Dattawan Lome da yawa sun ga wannan da idonsu. Tsohon zango yana tsakiyar birni ne, kusa da kasuwa da tasha. A 1977, zamanin Janar Eyadéma, hukuma ta rushe shi, aka kwashe mutane zuwa wani fili a arewacin gari, tafiyar kilomita goma sha biyar ko fiye, a kan hanyar Atakpamé, wajen Agoè da Togblékopé. A wancan lokaci wurin daji ne. Inda gidajen suke a da, manyan gine-ginen bankuna ne ke tsaye yanzu. Mahauci da dillali da mai sayar da goro suka wayi gari nesa da masu sayensu, ga kuɗin mota kullum, ga ginin gida daga tushe.

Wani mai bincike Bafaranshe, Michel Agier, ya zauna cikin mutanen sabon zangon jim kaɗan bayan tashin, ya fitar da littafi a kansu a 1983. Abin da ya fi jan hankalinsa shi ne tsarin mai gida. Baƙo ya sauko da shanu daga arewa, ya sauka gidan mai gida, a ba shi ɗaki da abinci. Yaran mai gida su nemo mahauta, a yi ciniki, galibi bashi, mai gida ya tsaya a tsakani: in mahauci bai biya ba, shi zai biya. Babu takardar banki, babu lauya. Jarin mai gida sunansa ne. Buldoza ta rushe ɗakuna, amma baƙon da ya saba sauka wurin wane, da ya iso Lome sai ya tambaya ina wane ya koma, ya bi shi can.

Sannu a hankali birni ya bi su. Hanyar da aka jefa su a bakinta ita ce Nationale 1, wadda ta tashi daga Lome ta nufi Cinkassé, tafiyar fiye da kilomita 600. Motocin Burkina da Nijar da Mali duk ta nan suke bi. A yankin ne aka kafa Terminal du Sahel domin taruwar manyan motoci, gaba kaɗan kuma ga karar shanu ta Adétikopé. Da hanyar Kwatano ta toshe a 2023, kayan Nijar da yawa ta Lome suka koma bi. Wurin da aka ɗauka ƙarshen duniya ne a 1977, yau shi ne ƙofar arewa.

Abin da za mu ɗauka

A nan sai mu yi hattara da harshenmu. Mun saba cewa bayan wuya sai daɗi, amma tarihi bai ce kowa ya sha daɗin ba. Mutane da yawa sun fita Salaga ba su sake tashi ba, ba wanda ya san kabarinsu. Bayin da aka sayar a can ba su ga wata riba a wahalarsu ba. A 1969, da gwamnatin Busia ta kori baƙi daga Ghana, akwai attajiran zango da suka ƙare rayuwarsu a ɗakin aro. Wuya ita kaɗai ba ta ba kowa komai. Abin da take yi shi ne ta kwashe abin da za a iya kwashewa, sai a ga me ya rage a hannun mutum.

Me ya rage wa Malam Umaru? Sana'ar da ya koya tun yana ɗan shekara ashirin, lokacin da babu wanda ya san Salaga za ta faɗi. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi, kuma ba ranar yaƙi ake koyon harbi ba. In kana da yaro a ruga ko a rumfa, ka bar shi ya iya karatu da rubutu da lissafi, na allo da na lakwal, ko da kiwo ko ciniki zai gada. Wanda ya iya karanta takardar duwan da kansa, ya iya duba takardar allurar shanunsa, ba a cika yi masa wasa da hankali a kan iyaka ba.

Me ya rage wa masu gidan zango da makiyayan shekarar Sannu? Suna mai kyau. Bashin da ka biya lokacin da kake da hali, shi ne zai sa a ba ka kaya ranar da ba ka da ko dala. Yanzu da ciniki ya koma waya, ana turo kuɗi daga Dapaong ko Maraɗi ba a ga juna ba, amana ta ƙara tsada. Wanda ya ci kuɗin mutum ɗaya, kafin magariba an ji a kasuwa uku.

Sai kuma sanin lokacin tashi. Fataken da suka zauna jiran Salaga ta dawo yadda take sun yi ta jira har suka tsufa. Waɗanda suka bi gishiri da kogi, suka koyi hulɗa da bakin teku, su suka kafa gidajen da jikokinsu ke ciki yau a Lome da Accra. In kiɗa ya sauya, rawa ma sai ta sauya. Wanda hanyar Malanville ta rufe masa, ya tambayi ta Cinkassé. Wanda aka hana shi ƙetarawa da garke, ya yi shawara da 'yan'uwa kan kiwon turke da tanadin harawa tun kaka, kafin rani ya matso farashi ya faɗi.

A shiri mai zuwa za mu ɗauko tarihin hanyar shanu daga Mango zuwa bakin teku, tun ana korarsu da ƙafa har aka koma ɗora su a mota. Dattawan da suka yi wannan tafiya, ko suka ga tashin zango na 1977, ƙofar gidan rediyo a buɗe take, ku zo mu ji daga bakinku, don abin da ba a rubuta ba yana tafiya da mai shi. Allah ya jiƙan Alhaji Umaru da sauran magabata. Allah ya tsare hanya, ya albarkaci garke da rumfa, ya mai da wa wanda ya yi asara da mafi alheri. Sai mun sake haɗuwa.